Bobber: Babur ɗin da Ragi Ya Ƙawata

Na daɗe ina sha'awar baburan da ake kira bobber, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne maƙeransu sun fi damuwa da abin da za su cire daga jikin babur fiye da abin da za su ƙara masa. Salon ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin da masu sha'awar tsere suka riƙa cire murfin tayar gaba ɗungurungum, suna datse na baya har ya zama guntu, domin nauyi ya ragu gudu ya ƙaru. Daga wannan datsewar sunan ya fito, domin kalmar "bob" a Turanci tana nufin datse abu ya zama guntu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa, saboda sojojin da suka dawo gida sun tarar da rarar baburan soja na Harley-Davidson samfurin WLA ana sayar da su da araha, ga su da nauyi, ga tarkacen da babu mai bukatarsa a lokacin zaman lafiya. Da sifana da zarton ƙarfe suka sauke masu wannan lodi a garejin gida, haka kuma aka yi wa baburan kamfanin Indian na Amurka.

Mutane da dama suna rikita bobber da chopper, alhali bambancin a fili yake. Mai chopper, wanda ya yi tashe a shekarun 1960, yakan yanka firam ya miƙar da ƙafafun gaba su yi tsawo, shi kuwa mai bobber na gargajiya yakan bar firam yadda kamfani ya ƙera shi.

Na taɓa durƙusawa kusa da wani tsohon bobber na ƙare masa kallo. Bayansa babu shokozoba ko ɗaya, sai sifirin biyu ƙanana a ƙarƙashin sirdin fata na mutum ɗaya, waɗanda su kaɗai ne tsakanin ƙugun mahayi da ramukan hanya. Tankin ƙarami ne, wayoyin an cusa su cikin bututun firam, kuma kowane layin walda yana bayyane, tunda babu roba ko murfin da zai rufa wa maƙeri asiri. A nan ne, a ganina, gwanintar take: wanda hannunsa bai faɗa ba, aikinsa zai tona shi tun daga nesa. Shinya Kimura, wanda ya kafa gidan ƙera babura na Zero Engineering a Japan a 1992 kafin ya koma Kalifoniya, ya yi suna ne da irin wannan aiki, inda yakan bar ƙarfe da launinsa da alamar guduma a jiki.

Yanzu kamfanoni ma sun shigo, domin Triumph ya fito da Bonneville Bobber a 2016, Indian kuma ya biyo da Scout Bobber a 2017. Ba na musun cewa sun fi daɗin hawa, kuma na Triumph har ya ɓoye shokozoba a ƙarƙashin sirdi don ya yi kama da na da. Sai dai ni har yanzu zuciyata tana wurin wanda sai an taka kik sau uku ko huɗu, injin ya yi tari, kafin ya yarda ya tashi.