Robar Kwalliya Ta Kusa Cinye Mini Sabon Inji

Har yau idan na ga sabon babur ya fito daga shago an lulluɓe gabansa da faffaɗar robar nan mai zanen furanni, sai in ji kamar in tare mai shi in ce ya ara mini wuƙa. Wannan roba, wadda kuɗinta bai wuce jika 2 ba, ita ta sa na kashe jika 18 a banza, aka buɗe mini injin da ko rodaji, wato lallaɓa sabon inji a farkon hawa, bai gama ba, kuma na yi makonni ina kwana da tunanin an sayar mini da jabu.

Sana'ata sayen aya da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, don haka babur a wurina ba abin ado ba ne. Na sayi ɗan Indiya mai silinda ɗaya, irin wanda iska ke sanyaya shi, a cikin Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 tun kafin azahar. A gabana aka fasa kwali aka haɗa shi. Da aka gama, yaran shagon suka yi mini kyauta: rigar kujera, ƴan tuntaye a madubi, sai wata roba mai kauri da suka ɗaure a ƙarfen kare ƙafa, daga wannan gefe zuwa wancan, ta rufe gaban inji ruf. Suka ƙara wata doguwa a ƙasan murfin tayar gaba. Wai don kada yashi da taɓo su ɓata wa Alhaji tufafi. Na ba su na shayi, na yi godiya.

Dokar rodaji kowa ya san ta, kuma na bi: ba na wuce 50, ba na murɗa maƙura, ba na ɗora buhu. A kan kwalta zuwa Tsibiri da dawowa babu abin da zan ce, sai ɗan zafi da ke dukan ƙwauri. Amma da zarar na sauka daga kwalta na shiga yashi, ko a nan cikin gari ta wajen unguwar Zariya, ko ƙauyukan bayan Ɗan Isa, sai babur ya canza hali. Ƙarfi ya ragu, ka murɗa ya ƙi amsawa, ka ji wani ƙis-ƙis siriri daga kan inji, giya ta yi tauri, warin ƙonannen mai ya taso. Wata rana da rana tsaka ta wajen Madarumfa ya yi shiru gaba ɗaya. Na taka kik na ji ya cije. Na tura shi gindin wani gawo, Allah ya sa gawo da rani yake ganye, na zauna har ya huce, sannan ya tashi kamar ba shi ba.

A fadarmu ta dare kowa ya zama injiniya. Wani ya ce sabon inji haka yake, in yi haƙuri. Wani ya ce in riƙa yawo da bidon ruwa ina kwara masa in ya yi zafi. Wani ya ce in zuba man mota mai kauri. Na ruwan nan shi ya fi yawan magoya baya, kuma shi ya fi haɗari, domin kan injin alminiyom ne. Ka watsa masa ruwan sanyi yana tsananin zafi, wani gefen ya tsuke kafin wani, sai ya karkace ko ya tsage. Wannan dai ban yi ba.

Abin da na yi shi ne abin da kowa zai yi: na kai wa mai gyara. Wani yaro ne matashi mai hannu da sauri, rumfarsa kullum cike da ƴan kabu-kabu. Ya tayar da babur, ya saurara, ya ce fistan ne ke cizo, dole a buɗe. Ka lura, kafin ya kai ga injin sai da ya kwance robar nan da hannunsa, ya jingine ta a gefe. Ya sauke kan inji, ya duba, ya ce bai ga komai ba sai ɗan gogewa a jikin fistan. Ya sa sabon gasket, sabon buji mai ba inji wuta, ya yi juyen mai, ya murɗa sukurun kafireto wai don ya rage mini shan mai. Da ya gama, ya ɗauko robar ya mayar da ita inda take, ya ɗaure ta tamau fiye da yadda ya same ta. Wannan wurin ne har yanzu yake ci mini rai. Ciwon yana hannunsa, ya ajiye shi a ƙasa, ya buɗe lafiyayyen inji, sannan ya ɗauki ciwon ya mayar.

Zafi kuwa sai abin da ya ƙaru. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya duba ƙusoshin kan inji ya ga alamar sifana, ya ce tunda an buɗe a waje, hannunsa ya fita.

Surukina ne ya tura ni wurin wani dattijo a Sabon Gari, wanda ya fara gyara tun zamanin da ƙananan Yamaha da Suzuki masu hayaƙi ke cika gari. Ko tayar da babur ɗin bai yi ba. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya tsaya a gaba, ya sa sandarsa ya taɓa robar.

"Ɗana, wa ya sa maka wanga abu?"

Na ce, "Baba, da shi ya fito daga shago."

Ya ce, "To iska ta ina za ta shiga? Ka toshe wa doki hanci, kuma kana son ya yi sukuwa?"

Ya sa yaronsa ya yanke igiyoyin, aka cire ta gaba, aka rage tsawon ta ƙasan taya. Ya kwance buji ya nuna mini bakinsa fari fat, ya ce wanda ya taɓa kafireton ya hana inji mai, kuma inji in iska ta yi masa yawa fetur ya yi kaɗan, wutarsa ta fi zafi. Ya mayar da sukurun daidai. Ya ce in bar babur ya kwana, don bawul, ƴar ƙofar da ke shigar da fetur ko fitar da hayaƙi, ba a auna shi sai inji ya yi sanyi ƙalau. Da safe ya zura ɗan siririn ƙarfen awo, ya tarar na fitar hayaƙi ya matse, ya sassauta shi. A irin waɗannan ƙananan injuna tazarar bawul ƴar mitsitsiya ce ƙwarai, ainihin adadin yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur. In ta matse, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya samun inda zai sauke zafinsa, daga nan sai ƙonewa. Jika 1 da rabi Baba ya karɓa.

Sai bayan nan na zauna na fahimci abin da nake hawa. Injin da ba shi da lagireto abu biyu kawai ya dogara da su. Na farko waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jere a jikin silinda da kanta, aikinsu su faɗaɗa wurin da iska za ta shafa ta kwashi zafi. Na biyu baƙin mai, wanda duka-duka kusan lita 1 ne, shi ke zagayawa ya ɗebo zafin ciki. Babu fanka, babu ruwa. Iskar da tafiya ke kawowa ita ce komai, ni kuwa an kafa mata bango a gaba. Fistan alminiyom ne, hannun silindar da yake gudu a ciki baƙin ƙarfe ne, kuma alminiyom yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A sabon inji tazarar da ke tsakaninsu ƴar mitsitsiya ce, zoben fistan bai gama zama ba, gogayya ta fi yawa. Cijewar da na ji a ƙafata a Madarumfa ke nan: fistan ya kumbura ya cika ramin. Da ina cikin gudu a kan kwalta ya yi haka, tayar baya na iya ƙamewa, kuma da labarin ya zama wani.

Yashi kuma shi ne makashin irin wannan inji, abin da mutumin da ke yawo a kan kwalta kaɗai ba zai gane ba. A cikin yashi kana giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka, yana aiki iya ƙarfinsa, amma gudun bai fi na mai sassarfa ba. Wuta da yawa, iska kaɗan, kuma iskar ma da ta zo ta riga ta gasu a kan rairayi. Ka haɗa wannan da roba a gaba.

Akwai wani abu da ya ba ni mamaki daga baya. Bayan an gyara komai, babur na tafiya lafiya lau, maƙwabcina mai gyaran firiji ya zo da na'urarsa ta auna zafi, irin wadda ake haskawa daga nesa. Na dawo daga Gidan Rumji, muka haska kusa da buji, ta nuna wajen digiri 150. Gabana ya faɗi. Ashe lafiyarsa ke nan. Kan irin wannan inji yana aiki a haka ba tare da wata illa ba, man da ke ciki kuma yana kaiwa wajen 100. Hannun mutum ko 60 ba ya jurewa, saboda haka masu taɓa inji su janye hannu su ce "kai, ya yi zafi" ba su auna komai ba. Warin fenti a makon farko, salansa ta canza launi a wuya, ɗan tas-tas da ƙarfe ke yi bayan ka kashe, duk ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne ƙarfi ya ragu kana cikin tafiya, ƙis-ƙis in ka murɗa, giya ta ƙi shiga, mai ya koma baƙi tsararo yana wari tun lokacin juye bai yi ba. In ka ga waɗannan, tsaya a inuwa ka kashe, kuma kafin kowa ya ɗauko sifana, ka tsuguna a gaban babur ka duba ko kana hango haƙarƙarin injin daga inda tayar gaba take. In ba ka hango su, iska ma ba ta ganinsu.

Yanzu a bazara ina fita da asuba in dawo bayan la'asar in hali ya yi. Doguwar hanyar yashi ina raba ta, in tsaya in sha ruwa, shi ma ya sha iska. Ba na barin shi yana kaɗawa a tsaye ina gaisawa da mutane, don gaisuwarmu ba ta ƙarewa kuma a tsaye babu abin da ke sanyaya shi. Mai kuwa na babur nake sawa, 20W-50 mai alamar JASO MA, a galan rufaffe, domin kulocin babur a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. Fetur na gidan mai na fi so. In dole ta kai ni wurin ƴan ruwa-ruwa, ina ɗaga kwalbar in duba ƙasanta. Soson iska ina duba shi duk ranar kasuwa, don in ya yage ƙurar garin nan kai tsaye za ta wuce cikin silinda. Taɓon da ya bushe tsakanin haƙarƙari ina sa tsinke in ƙwaƙule shi da safe.

Gasket ɗin da yaron nan ya sa har yau yana ɗan tsatsar mai ta gefen hagu, ƙura na manne masa, sai na riƙa gogewa. Baba ya ce a bar shi sai lokacin da buɗewa ta zama dole. Inji bai taɓa yin ko tsatsa ba kafin a buɗe shi, kuma duk ranar da na ga wannan baƙin tabo sai jika 18 ɗina su faɗo mini a rai.

Ƴan kabu-kabu da na yi wa maganar robar suna cewa da damina fa, taɓo da ruwan kwata su ɓata wa fasinja ƙafa? Gaskiyarsu ne, ni ma ba na son in isa kasuwa wandona ya yi dumu-dumu. Da ruwa ya sauka na koma wurin Baba, ya yanka robar gida biyu ƴan sirara, ya ɗaure ɗaya a kowane gefen ƙarfen daidai inda ƙafa take, ya bar tsakiya a buɗe kamar faɗin tafi biyu. Da ita na ƙare damina, har da hanyar Dakwaro da buhu a baya, ban sake jin ƙis-ƙis ba.