Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ruwan farko, e-levy da kwarashi

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya a inda na samu aiki a shagon momo, wato inda ake turawa da cire kuɗi ta waya, a Adum, to yau za mu shiga 2022, shekarar da na ji jiki.

Mu a Kumasi ba sai an duba kalanda ba. Hunturu na janyewa sai zafi ya sauko, irin wanda ko fanka ka kunna iska mai ɗumi za ta buso maka, sannan cikin watan Maris hadari ya fara haɗowa da la'asar. Ruwan farko jajawur yake zubowa daga indararo saboda ƙurar da ta kwanta kan kwano, shi ya sa Mma Hajiya, mai gidan da muke haya a Aboabo, ba ta bari a tara shi. Bayansa sai shinge su rufe ƙwan fitila, kwaɗi su kama kuka a gota, mangwaro ya fara fitowa a kasuwar Kejetia. Ƙanwata da ke Amurka a lokacin ta turo min hoton furanni wai sanyinsu ya wuce, ni kuma na tura mata hoton bokitai a jere.

Ana cikin haka ranar 29 ga Maris majalisar Ghana ta amince da harajin e-levy, wai daga 1 ga Mayu in ka tura kuɗi ta waya za a cire kashi 1.5 cikin ɗari, banda sidi 100 na farko a rana. Kai jama'a! Kafin ma a fara cirewa mutane sun firgita, kowa so yake ya kwashe abin da ke wayarsa, ga azumi ya kama farkon Afrilu, layi tun daga bakin kanta har kan titi, ni da bakin azumi ina bayani ɗaya daga safe zuwa yamma kuma ba mai yarda, gani suke mu ne za mu ci kuɗin. Ga tsofaffinmu da har yau suke lissafi da tsohon kuɗi duk da tun 2007 aka canza, tsohuwa ta ce miki miliyan biyu alhali sidi 200 take nufi, in ba ki nutsu ba kin shiga uku. Oga kuwa ko pesewa ya ɓata a albashi yake zarewa, ba ya son jin wani dogon zance.

In na sauka daga trotro, wato motar haya, kaina sarawa yake. A nan ne Maman Sadiya ta ɗaki na ƙarshe ta cece ni. Ita saƙa take, hular jarirai da safa da ɗan bargo, tana kai wa masu suna. Wata rana bayan shan ruwa ta miƙo min kwarashi da ragowar zaren ulu ruwan ɗorawa ta ce "ƙanwata riƙe nan, ki daina zama kina tunanin kuɗin mutane." Ta nuna min yadda ake naɗe zaren a ɗan yatsan hagu, a saƙalo a jawo, ƙulli shida a haɗe su zobe, daga nan ana ƙarawa kowane zagaye har saman hular ya buɗe. Kullum faɗanta ɗaya, saki hannu, in kin matse zare hular tauri za ta yi. Abin mamaki shi ma ƙirga ne wallahi, amma wannan in lissafi ya kuɓuce warwarewa kawai za ki yi ki sake, ba wanda zai tsaya miki a kai.

Mma Hajiya kuma tata hidimar daban, duk damina sai ta gyara tsakar gida. Ta sa samarin gidan suka shafa farar ƙasa a bango, aka samo tsofaffin tayoyi aka yi musu fenti ja da ruwan ɗorawa da kore, aka cika da ƙasa aka dasa alobera da ciyawar shayi, gwangwanayen Milo kuma aka huda gindinsu aka jera barkono a ciki. Hudawar nan dole ce, ta ce in ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, kuma 'yan tankas, wato duba-gari, in suka shigo ba su san fulawa ba, sammaci za su rubuta. Ni dai fentin ya min yawa, gidan ya koma kamar makarantar yara, amma wa zai faɗa wa Hajiya?

Da ta ga ina saƙa sai ta ce "'yata, ki yi wa gwangwanayen nan riga mana." Na ce Mma ruwa zai ɓata ulu ai. Ta ce to a yi da leda. Haka muka zauna ni da Maman Sadiya muna yanka baƙar leda da ta piya wata siri-siri muna saƙawa, yatsuna har suka yi kanta, amma ya yi kyau ba laifi, matan maƙwabta suna leƙowa suna tambaya nawa.

Ana jibi Sallah wata mata ta zo cire kuɗi ta hango hular da nake ɓoyewa a ƙarƙashin kanta, ta ce in na iya dozin biyu kafin sunan jikanta za ta biya rabi nan take. Oga yana tsaye a bayana yana ji. Abin da ya ce min bayan ta fita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.