Yadda Na Zaɓi Mota Ta Hannu Mai Jan Ƙafa Huɗu Don Jan Tirela Mai Nauyi

Aikina ya ƙunshi kai ƙaramin injin haƙa ƙasa daga wani wurin gini zuwa wani, a kan tirela mai aksul biyu, kuma galibin wuraren da nake shiga ba su da kwalta, wasu ma sai an hau tudu kafin a kai gare su. Da aikin ya fi ƙarfin motar da nake da ita, sai na shiga neman wadda ke ja da ƙafa huɗu, ta hannu, tun da sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna. Kafin in je ganin kowace mota, na ɗora injin a kan tirelar tare da bokitansa da sarƙoƙin ɗauri da jarkokin mai da akwatin kayan aiki, na kai ta sikelin da ake auna manyan motoci. Abin da ya fito ya kusa kilo 2,900, wanda ya ɗara abin da lissafin takardu ya nuna, domin takarda ba ta ƙidaya sarƙa da taɓon da ya manne a jikin inji. Da wannan lamba a hannuna na fara neman mota.

Kusan duk wanda na tuntuɓa cikin masu sayarwa, abin da yake fara faɗa shi ne motarsa tana jan tan uku da rabi. Maganar ba ƙarya ba ce, don kilo 3,500 shi ne iyakar da kamfanoni suka rubuta wa manyan motoci irin su Toyota Land Cruiser 200 da Land Rover Discovery 4 da a-kori-kurar Ford Ranger mai inji lita 3.2, muddin tirelar tana da birkinta. Idan ba ta da birki, a Turai da Ostareliya iyakar ba ta wuce kilo 750, komai girman motar. Sai dai lambar kilo 3,500 ɗin tana tafiya da wasu lambobi uku waɗanda ba a cika ambata ba a wurin ciniki. Akwai iyakar nauyin motar ita kanta da duk abin da ke cikinta, wanda ake rubutawa da harufan GVM ko GVWR a allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji. Akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Akwai kuma iyakar abin da aksul ɗin baya zai ɗauka. Duk wadda aka fara cikawa a cikinsu, a nan aikin motar ya tsaya, ko da sauran suna da sarari.

Na zauna na yi lissafin da alƙaluman kasuwar Ostareliya, inda ake bayyana su dalla-dalla. Ranger mai inji 3.2 an ba ta kilo 6,000 a matsayin nauyin mota da tirela a haɗe, ita kuma motar ba kaya tana kusan kilo 2,200. Idan aka ɗaura mata tirela mai kilo 3,500, abin da ya rage wa direba da fasinja da kaya bai wuce kilo 300 ba, wato manyan mutane uku da jakunkunansu sun cinye shi. Land Cruiser 200 ita ma, duk da girmanta, ba ta tsira ba, sai dai ta wata hanya take cika: iyakar nauyinta kilo 3,350 ne, ita kanta tana kusan kilo 2,700, saboda haka sararin kayanta bai fi kilo 650 ba, kuma nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiyar da ake ɗaura ta a bayan mota a cikin wannan sarari ake cire shi. Idan bakin ya danna kilo 350, an koma wajen kilo 300 ɗin nan. Da na sa tawa tirelar a lissafin, mai kilo 2,900 da bakin da ke danna kusan 290, sai na ga Ranger ta bar mini wajen kilo 700, domin a nan ita ma iyakar nauyin motar kanta ce ta fara cika, Land Cruiser kuwa kilo 360 kacal. Wannan ya sa na daina ɗauka cewa motar da ta fi tsada da girma ita ce ta fi ɗaukar kaya.

Nauyin bakin tirela ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi shafar yadda mota ke tafiya. A Amurka da Ostareliya ana neman ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ko ya ɗan haura, a Turai kuwa, inda ake jan tirela da ƙarancin gudu, ana barinsa ƙasa da haka. Idan ya yi kaɗan, tirela takan fara kaɗa baya hagu da dama da zarar an ƙara gudu ko babbar mota ta wuce, kuma kaɗawar tana ƙaruwa da kanta har ta rinjayi motar. Idan ya yi yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba ya rage kamu. Ƙugiya ba a kan tayoyin baya take ba, tana can bayansu da tazarar da ta haura mita ɗaya, saboda haka tana aiki kamar sandar da ake ɗaga dutse da ita: kilo 290 a kan ƙugiya yakan zama kilo 400 ko fiye a kan aksul ɗin baya, bambancin kuma daga tayoyin gaba aka ɗebe shi. Tun da na fahimci haka, duk motar da na je gani sai na auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar baya da kan ƙugiya, in kwatanta da tazarar da ke tsakanin aksul ɗin gaba da na baya. A Land Cruiser 200 wannan tazara ta biyu milimita 2,850 ce, a Ranger kuma 3,220, amma a-kori-kura mai ƙofa huɗu tana da dogon baya, wanda ke cinye wani ɓangare na fifikon da doguwar tazarar ke ba ta.

Wani abin da ya ɗan ɗaure mini kai da farko shi ne mota ɗaya tana iya samun lambobi daban-daban gwargwadon shekararta da irin giyarta da ƙasar da aka yi ta dominta. Hilux da ta fito a 2015 an ba ta kilo 3,500 a mai giyar hannu da 3,200 a mai giyar otomatik, alhali wadda ta gabace ta an tsayar da ita a 2,500 a kasuwar Ostareliya. Mitsubishi Pajero mai inji 3.2 tana jan kilo 3,000 a can, amma da zarar tirela ta haura 2,500 sai iyakar nauyin baki ta sauko zuwa kilo 180, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya fitar da ita daga lissafina duk da ina son motar. A Amurka ma sai da aka fito da ma'auni ɗaya mai suna SAE J2807, wanda a cikinsa ake sa mota ta ja kaya a kan hawan Davis Dam na jihar Arizona, mai tsawon kimanin kilomita 18, cikin zafin da ya kai digiri 38 da na'urar sanyaya a kunne, kafin lambobin kamfanoni su zama abin kwatantawa da juna. Manyan kamfanonin ba su bi shi gaba ɗaya ba sai wajen 2015. Saboda haka littafin motar da allon da ke jikinta su ne hujja, ba abin da aka sani game da sunanta ba.

Bayan lissafi sai duba lafiyar motocin, kuma a nan na tafi da bakanike wanda ya saba da injin dizal. Jan kaya mai nauyi zafi yake tarawa, a inji da giya da aksul da birki, don haka alamun zafi muka bi. A wata mota da fentinta ke ƙyalli, man giyarta ya koma baƙi yana warin ƙuna, maimakon jan launin da ya kamata a gani, kuma ramin da ake zura ƙugiya ya cinye har ya yi faɗi, alamar ta daɗe tana jan abin da ya fi ƙarfinta. A wata a-kori-kura kuma, tazarar da ke tsakanin ɗakin direba da bodi ta fi buɗewa a sama fiye da ƙasa, da muka leƙa ƙarƙashi sai ga walda a shasi daidai bayan ɗakin, inda irin waɗannan motoci ke lanƙwashewa idan aka labta musu kaya a baya aka bi hanya mai gargada. Motar da aka yi wa walda a shasi ba na sake waiwayarta, komai sauƙin kuɗinta. Haka kuma tsatsa a inda ƙarfen ƙugiya ya haɗu da shasi ta fi muni a wurina fiye da tsatsar ƙofa ko bamba.

Ban tsorata da yawan maleji ba idan akwai takardun gyara da suka nuna ana canza mai a kan lokaci. Injin da ke amfani da bel ɗin taimin, irin 1KD mai lita 3.0 na Hilux da Prado, yana buƙatar a canza shi a kilomita 150,000, kuma idan babu shaidar an yi, sai a ɗauka ba a yi ba a sa kuɗinsa a cikin ciniki. Na nemi a bar kowace mota ta kwana ba a tayar ba, domin injin dizal a sanyinsa yake faɗin gaskiya: hayaƙin fari da ya ƙi ɗaukewa, ko shuɗi, ko ƙarar nozul, duk a lokacin ake kama su. Mun buɗe tankin ruwan lagireto muna duba kumfa ko alamar mai, muka haɗa kwamfutar gwaji don ganin ko an goge wasu laifuffuka kwanan nan.

Motocin da aka ƙawata kuwa na kauce musu da gangan. Manyan tayoyi suna rage ƙarfin ja da ƙarfin birki, ɗaga mota sama yana ƙara mata tangaɗi, katafaren bamban ƙarfe da injin janyo mota da ƙarin tanki kuma duk daga cikin sararin kayan nan ake cire nauyinsu. Injin da aka taɓa kwamfutarsa don ƙara ƙarfi yana iya burge mai gwaji na minti goma, amma a dogon hawa da tan uku a baya zafin hayaƙinsa yakan kai matakin da ke cin fistan da tobo.

Game da giya, na karkata ga otomatik, domin tayar da tirela mai nauyi a kan tudu ko komawa baya da ita a ƙuntataccen wuri yana ƙona kuloci, amma da sharaɗin a sa mata ƙarin na'urar sanyaya man giya idan ba ta zo da isasshiya ba. Na kuma gwada ƙaramar giyar ƙarfi a kowace mota, saboda wadda aka yi shekaru ba a shigar da ita ba takan ƙi shiga, ita ce kuwa ke fitar da ni daga wurin gini bayan ruwan sama. Tsarin jan ƙafa huɗun ma iri biyu ne. A mafi yawan a-kori-kura na wancan zamani, ba a sa ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta, domin babu abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, kuma idan aka matsa sai farfela da giya su ɗaure. Land Cruiser 200 kuwa kullum da ƙafa huɗu take ja, a kwalta ko a taɓo, wanda ke da amfani ƙwarai idan ana tashi daga mahaɗar hanya a jiƙaƙƙen titi da kaya a baya.

A ƙarshe Land Cruiser 200 ɗin na saya, mai injin dizal V8 lita 4.5, duk da ƙarancin sararin kayanta. Dalilina shi ne kayan aikina a kan tirela suke tafiya, ni da abokin aiki ɗaya ne a cikin mota, don haka kilo 360 ya ishe mu. Abin da na fi buƙata shi ne motar da nauyinta ya kusa na tirelar, yadda tirelar ba za ta riƙa tura ta a gangara ko a kwana ba. Da iyali zan ɗauka ko buhunan siminti a baya, da lissafin ya kai ni ga a-kori-kura. Mai sayarwar ya yarda na ɗaura tirelata na hau wani dogon tudu kafin mu gama magana, allurar zafi ba ta motsa ba, giya kuma ba ta yi ta kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu ba.

Da motar ta zo hannuna, na canza man inji da na giya da na aksul biyu da man birki, tun da man birki yana shan danshi kuma tsohonsa yakan tafasa a doguwar gangara. Na sa tayoyi masu lambar ɗaukar nauyi da ta dace, bayan na karanta lambobi huɗu na gefen tsofaffin, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi su, na ga sun tsufa duk da zanensu bai ƙare ba. Na haɗa na'urar sarrafa birkin lantarki na tirela kusa da sitiyari, sannan na koma sikeli da mota da tirela a haɗe, aka auna kowane aksul daban. Aksul ɗin baya ya fito kusa da iyakarsa, don haka na ja injin haƙar baya kaɗan a kan tirelar, na sake aunawa har nauyin baki ya daidaita, na shafa fenti a daben tirelar daidai inda sarƙar da injin ke tafiya a kanta za ta riƙa tsayawa.