Dala ashirin ta caji a Arlit

Da asuba muka tashi daga Tawa, muka kwana Agadas, washegari muka kama sauran kilomita kusan 240 zuwa Arlit. Hanyar yuraniyom ake kiranta, don dominsa aka shimfiɗa ta, amma kwaltar ta cinye a wurare da yawa har direba ya gwammace ya sauka cikin rairayi. Ban jima da barin Agadas ba salulata ta mutu, saboda daren jiya babu wuta a masaukinmu.

A hanya wani dattijo da ke kusa da ni ya yi nuni da hannu wajen Cirozerin, ya ce can ne ake ƙona gawayin ƙasa a tashar lantarki ta Sonichar, wutar ta tafi ma'adinai da garuruwan yankin. Abin ya tsaya mini a rai. Wato sai an ƙona gawayi a nan kafin a haƙo ƙarfen yuraniyom da ya yi shekaru yana haska wata ƙasa, Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake fitowa.

Kawuna na je gani. Ya yi shekaru yana sauka cikin ramin yuraniyom na kamfanin Cominak da ke kusa da Akokan kafin a rufe shi a 2021. Na same shi a tabarma ƙofar gida yana fifita da murfin kwali. Bayan gaisuwa da ruwan randa, na aiki ƙaramin ɗansa ya kai salular wurin mai caji a bakin kasuwa. Daga baya na bi shi na gani: rumfar kwano, farantan hasken rana biyu a sama, batirin mota a ƙasa, saluloli sun fi arba'in a jere, kowace da lambarta a manne. Dala ashirin kowace.

Da daddare na ɗauko zancen da zafina na ɗan makaranta. Na ce, "Kawu, ai kamata ya yi mu ma mu rayu yadda Faransawa suke rayuwa."

Ya ce, "To, ɗan boko, lissafa mana."

Na lissafa a bayan kwalin shayi. Bafaranshe ɗaya, in aka raba, yana cin lantarki sama da kilowat-awa 6,000 a shekara. Ɗan Nijar bai kai 100 ba, abin da firji guda ya ninka. Mu kuma mun haura miliyan 25. Tashar Cirozerin ba ta kai megawat 40 ba. Da na gama rabawa sai na ga in za mu kamo Bafaranshe muna bukatar irinta fiye da 400, suna aiki dare da rana babu hutu. Na sake lissafin, ina zaton na ƙara sifiri. Ban ƙara ba. Nijar kaɗai ke nan, ban ko taɓa Najeriya da Indiya ba, balle a ce kowa ya kamo Ba'amurke da ke cin kusan ninki biyu na Bafaranshe. Ina gawayin, ina ruwan sanyaya injunan a wannan hamada?

Kawu ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce shi ba injin wanke kwanoni yake nema ba. Fanka a watan bazara, da firjin da zai riƙe allurar ciwon sugan innata kada ta lalace. A yanzu cikin gwangwani take ajiye ta, a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Sai ga yaron ya shigo da salulata, caji kashi 60. Mai rumfa ya ce rana ta faɗi, in dawo da ita gobe da hantsi, ba zai sake karɓar kuɗi ba.