Koren tambarin NVIDIA ya ruɗe ni

Lokacin da zan sayi laftof bara, abu ɗaya na sa a gaba: in ga koren tambarin nan na NVIDIA, kamfanin da ke yin katin hoto na kwamfuta, manne a gefen madannai. Na samu wata ta hannu a wani shago a Kano, mai katin hoto na GeForce MX250. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta gem ce." Ko tayi ban tsaya yi sosai ba na biya.

Kunyar da na sha a gida ba ta da daɗin faɗa. Ƙanina yana da wata siririya mai furosesa Core i5 zubi na 11, ba ta da katin hoto na daban, Iris Xe, sashen hoton da ke cikin furosesa, kawai take amfani da shi. Muka jera su a kan tabarma, muka kunna wasan GTA V a saiti iri ɗaya. Tasa na tafiya sumul, tawa kuwa da mota ta ɗauki gudu sai hoto ya riƙa sarƙewa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ina gem ɗin?"

Sai da na sauke manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan katin hoto, na gano bakin zaren. Ashe MX250 iri biyu ce da suna ɗaya: akwai mai cin wuta wat 25, akwai mai wat 10 da ake sa wa siraran kwamfutoci. Tawa ta biyun ce, kuma babu inda tambarin ya nuna haka. Haka abin yake har a manyan katunan hoto: RTX 3050 ta laftof, wadda ta fito a 2021, wani kamfani kan ba ta wat 35, wani ya kai ta 80. Suna ɗaya, ƙarfi daban.

Shi kuma ƙanin nawa sirrinsa RAM ne. Irin su Iris Xe da Radeon 680M, masu zama a cikin furosesa, ba su da ma'ajiyar kansu, daga RAM ɗin kwamfuta suke ɗiba. Tasa sanda biyu ce, 8GB sau biyu. Don gwaji muka zare ɗaya, nan take wasan ya yi nauyi.

Wani abokina mai RTX 3060 ya bar mu duka a baya, wannan ba gardama. Amma na zauna da shi wata rana a watan Afrilu: fanka na kuka kamar injin markaɗe, cajarsa ta kusa girman bulo, da aka ɗauke wuta kuma wasan ya rage gudu, batir bai daɗe ba ya ce ga garinku. Ni da mafi yawan aikina Word ne da YouTube da Zoom, me zan yi da wannan ɗawainiya?

Na sayar da tawa da 'yar asara. Wadda na saya yanzu, sai da na sa aka kwance bayanta a gabana na ƙirga sandunan RAM kafin na tura kuɗi.