TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 11: Rabin Buhun Gero

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a Kurna, ɗaki ciki da falo a gidan haya na mutum huɗu, da yadda muka ƙare damina muna tarbar yoyon rufi da baho da bokiti. Yau kuma labarin kakar 2022 ne, kaka ta farko da ta same ni a ɗakin miji.

Ni 'yar cikin gari ce, a gindin Dala aka haife ni, kuma har na yi aure hannuna bai taɓa riƙe fartanya ba. A kan tire nake sanin kaka ta yi. Ranar da yara suka fara yawo da dafaffiyar gyaɗa da gujjiya, masu gasa masara suka kafa a bakin titi, rake ya cika baro, to shi ke nan. Maigidana kuwa a jikinsa yake jin ta. Mutumin Jigawa ne, daga wani ƙauye da ke gaba da Ringim, kusa da kogi. In ya dawo daga sallar asuba sai ya shafa sirdin babur ɗinsa, ya miƙo min tafin hannunsa a jiƙe.

"Amarya, kin ga raɓa? Ruwa ya yi bankwana ke nan."

Ƙarfe takwas yake fita zuwa Kantin Kwari, inda yake tsaron shagon atamfa na wani Alhaji. Daga nan gidan ya zama namu mu mata. In jira mai ruwa ya turo kurarsa in karɓi jarka uku, in yi shara, in hura gawayi saboda gas muna lallaɓa shi ne don shayin safe kawai. Cikina yana wata na uku lokacin, laulayi ya sa ko ƙamshin suyar mai ba na so. Ga zafin kaka, wanda duk wanda ya zauna Kano a watan Oktoba ya san shi: ruwa ya ɗauke, sanyi bai iso ba, ƙasa sai turiri take fitarwa. Ga sauro, don kwatoci da kududdufan unguwa duk a cike suke. Da dare in babu wuta sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗaura gidan sauron da aka ba ni a wurin awo, ya yi ta yi min fifita da mafici har barci ya ɗauke ni. Daga inda muke kwance muna jin gurnanin manyan motoci a titin Katsina, suna wucewa kasuwar Dawanau da hatsi.

Tun kafin aure ya gaya min cewa hatsi ba abin saye ba ne a gidansa. Kowace kaka Baba, wato mahaifinsa, yana aiko masa da buhu biyu na gero, in an yanke dawa a ƙaro ɗaya. Shi kuma da damina yana aika kuɗin taki da na 'yan ƙwadago. A kan wannan muka gina lissafinmu gaba ɗaya: albashinsa na haya da cefane da man babur, ni kuma abin da nake samu a kitso ina zuba adashi, in na kwasa a ƙarshen Oktoba in sayi keken ɗinki. Har inda zan ajiye keken na share, a gefen taga.

Sai na lura mutumin nan ya canza. Tuwo malmala biyu da yake tashi da su, ya koma barin ɗaya. In wayarsa ta yi ƙara sai ya zura takalmi ya fice ƙofar gida, ya daɗe, ya dawo fuska a ɗaure. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata mace ta raya min. Wata bakwai da aure, ga ciki ya kwantar da ni, me kuma zan zata? Na yi kwana da kwanaki ina cin abin a raina, ban gaya wa kowa ba. Ran nan dai da ya shigo daga irin wannan waya na tare shi a bakin labule, na ce ya faɗa min ko wace ce.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya zauna a hannun kujera.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ne. Tun cikin Satumba ruwa ya shiga garinmu."

Na ji labarin ambaliyar Jigawa a rediyo kamar kowa, ana ambaton Ringim da Haɗeja da Kafin Hausa, ana cewa hanyoyi sun yanke sai da kwalekwale. Na ji, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tankaɗe. Ban taɓa kawo wa raina cewa cikin tukunyata ake magana ba. Ya ce geron da aka riga aka yanke aka jera a gona ruwa ya tafi da shi, dawa ta nutse tun ba ta fid da kai ba, rumbun ƙasa ya jiƙa ya zauna da ragowar na bara a ciki. Ɗakin Inna ma bango ɗaya ya faɗi. Mutum goma sha ɗaya ne a gidan. Ya ce ya ɓoye min ne saboda halin da nake ciki. Sannan, yana kallon ƙasa, ya ce in zan iya ara masa kuɗin adashina in na kwasa, zai sayi hatsi ya aika, ya riƙa biyana a hankali.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na tashi na shige ciki. Abin da ke raina a daren shi ne, wata shida ina tsaye a kan mata ina kitso, bayana kamar zai karye, kuma abu na farko da zan mallaka da gumina shi za a ce in bayar. Har yau ba na ganin wannan tunanin a matsayin mugunta. Yarinya ce mai shekara 22 da ta ƙwallafa rai a kan abu ɗaya. Amma kwana huɗu muka yi a ɗakin nan daga "ina kwana" sai "ga abinci".

Mauludin shekarar a cikin Oktoba ya faɗo, sai ranar Takutaha ya kai ni gidanmu in wuni. Unguwar ta cika maƙil, ana ta hawa dutsen Dala, yara da sababbin kaya, masu kiɗa da masu talla ko'ina. Ni ina ɗakin Umma a kwance. Da na gama zayyana mata, ba ta yi min faɗa ba. Tana tsinkar zogale ta ce, "Wancan geron da kika yi ta kunun azumi da shi, kina aiko mana a kwanon sha, daga ina ya fito?" Na ce daga garinsu. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ko kalma ba a kan maganar har na tafi.

Bayan kwana uku wani direba ya kira maigidana, ya ce yana da saƙo a tashar Yankaba. Bayan magariba sai ga shi ya shigo da buhu a bayan babur, rabi ne, an ɗaure bakinsa da tsumman atamfa. Ya sauke a tsakar ɗaki, ya tsaya a kansa bai kwance ba. Ni na durƙusa na kwance. Gero ne, ƙwayarsa ƙanana, daga 'yar gonar tudu da ruwa bai kai ba. A sama an cusa ƙullin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa guda biyar a leda. Sai wasu zangarniyoyi shida na maiwa, ɗanyu, an naɗe su a ganye. Direban ya ce masa Inna ta ce a ba amarya ta yi tumu, ta ji an ce ba ta iya cin abinci.

Mutanen da ɗakinsu ya faɗi, suke auna abin da za su dafa da gwangwani, su ne suka raba abin da ya tsira suka aiko min rabona. Na zauna a wurin na yi kuka sosai. Shi bai hana ni ba. Ya fita ya hura gawayi, ya ɗora zangarniya biyu yana jujjuyawa, ƙwayoyin suna fashewa tas-tas, ƙamshi ya cika gidan har yaran maƙwabta suka leƙo. Da suka gasu ya murtsuke a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya zuba min a nawa hannun da zafinsa. Ban taɓa cin tumu ba sai ranar. Garɗinsa da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma shi ne abu na farko cikin makonni da ya zauna a cikina lafiya. Muna ci na ce masa ranar Asabar zan kwashi adashi, kuma ba aro ba ne.

Washegari na auni kwano ɗaya zan aika inji a surfa. Maman 'yan biyu, maƙwabciyata ta ɗakin ƙarshe, mutuniyar Maraɗi ce, ta hango ni ta ce, "Ke ɗiyar birni, wanga ɗan hatsi za ki kai ma inji ya cinye miki rabi? Taho in gwada miki." Ta jawo turminta, ta juye geron, ta yayyafa ruwa kaɗan ta cuɗa da hannu, ta fara surfe. Taɓarya tana sauka a gefe-gefe, ba a tsakiya ba, don a saɓule dusa ne, ba a farfasa ƙwaya ba. Ta ba ni na ɗan taɓa, ta karɓe saboda cikin. Ta kwashe a faifai tana bakacewa, dusa tana taruwa a baki tana zubarwa a kwano, ta ce kar in kuskura in watsar, mai akuyar da ke bayan layi zai saya. Sannan aka wanke, ta nuna min yadda ake regewa da ƙwarya biyu, kana karkatawa a hankali hatsi yana bin ruwa, tsakuwa da yashi suna kwanciya a ƙasa. Yashin da ya fito daga kwano ɗayan nan ya kai cikin cokali biyu, ja-ja, ƙasar garin mijina. Da aka niƙo ta zuba citta da kanumfari da ɗan barkono, muka cura, muka dafa, ta kirɓa, muka mulmula a gari. Da yamma na sayi nono wurin Bafulatanar da ke zagayowa layinmu, na dama masa fura na ajiye a randa ta yi sanyi. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga gindin kwanon. Ya ce, "Geron gonar tudu ne wannan." Wai a baki ya gane.

Ranar Lahadi na roƙe shi ya tafi da ni Dawanau. Daga Kurna babu nisa, amma ban taɓa shiga ba. Gari ce guda. Layin gero daban, na dawa daban, ga masara, ga wake, ga riɗi, ga zoɓo tuli-tuli, 'yan dako suna gudu da buhu a wuya jikinsu fari fat da ƙura, motoci suna lodi wasu za su Nijar, wasu kudu. Dillali ya caka wa buhu wani ƙarfe mai rami, hatsi ya gangaro tafin maigidana, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna, ya girgiza kai, muka wuce gaba. Sai a buhu na huɗu ya yarda. Abin da ya tsaya min a rai shi ne manyan ɗakunan ajiya da na ga ana ta shaƙe su. Ya ce masu kuɗi ne suke saye yanzu da sauƙi, su kulle sai bazara ko tsakiyar damina in ya yi tsada su fito da shi, wani lokacin manomin da ya sayar shi zai dawo ya saya ninki. Na san kasuwanci halal ne, amma a shekarar da ruwa ya ci gonakin mutane abin bai kwanta min ba, kuma har yanzu bai kwanta ba.

Kuɗin keken ɗinkina ya sayi buhun gero ɗaya da na masara ɗaya, kowanne kwano arba'in, ya rage na mota. Aka ɗora a adaidaita sahu zuwa Yankaba, ya rubuta sunan Baba a jiki da gawayi. A wurin da na share a gefen taga kuma muka jingina rabin buhun da aka aiko mana, a kan bulo biyu saboda sanyin ƙasa da ɓera.

Cikin Nuwamba wata safiya na fito na tarar gari ya yi fari, rana kamar an rufe ta da mayafi, leɓena ya fara tsagewa. Ina neman kwalbar man kaɗanya sai ga shi ya shigo da waya a hannu, ya ce Baba ne yake son magana da ni. Tun ranar ɗaurin aure ban taɓa jin muryarsa kai tsaye ba. Sai da na gama gaisuwa na lura a durƙushe nake a tsakar ɗaki. Ya ce, "'Yata, saƙo ya iso. Allah ya yi miki albarka, ya sauke ki lafiya." Ya ce ruwa ya janye daga fadama, suna shirin noman rani. Ni dai "amin, Baba" kawai nake iya cewa.

A daren ne maigida ya dawo daga kasuwa yana cewa babu zancen da ake yi a Kwari sai na canjin kuɗi da aka sanar a ƙarshen Oktoba, wai za a sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, kuma Alhajinsu ya ce kowa ya shirya. Na ce mu da ba mu da ajiya ina ruwanmu. Yadda wannan magana ta same mu ina wata na bakwai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.