Wata huɗu ina bin sawun gwamnatin NPC

Kakana tela ne a Kano, ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU na gani-kashe-ni, don haka na tashi da sanin cewa NPC, wadda ta mulki Jihar Arewa a lokacin, jam'iyyar sarakuna ce da 'yan dokansu, shi ke nan. Da aka ba ni aikin kammala digiri kan mulkinta, daga 1954 da Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Arewa zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, na yanke hukunci tun ban buɗe fayil ko ɗaya ba. Malamina ya karanta shafin farko, ya miƙo mini abina ya ce, "Wannan ai waƙar kakanka ce. Je ka nemo hujja."

Na fara da tsofaffi, kuma a nan na tafka wauta. Don in rage wahala sai na haɗa dattawa biyu a zaure ɗaya, ɗaya tsohon ɗan Salama, wato NPC, ɗayan ɗan Sawaba, wato NEPU. Ina cewa, "Baba, yaya zaɓen 1959 ya kasance?" sai na farkon ya gyara zama, ya shiga lissafa kujeru 134 da NPC, jam'iyyar da alamarta fartanya ce, ta ci cikin 312. Na biyun bai bari ya dire ba, ya ɗaga riga ya nuna tabon bulala a bayansa, ya ce alƙali ne ya sa aka yi masa saboda taron da ba izini. Shayi ya huce, kowa ya ɗauki sandarsa. Sai da na yi mako biyu ina ban haƙuri kafin su yarda in same su ɗaya bayan ɗaya.

A Kaduna na zauna da tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, takarda ta yi ja, kana juya ta tana marmashewa. Na yi kwanaki ina kwafa kafin ya faɗo mini cewa jaridar gwamnati ce, muryar masu mulki nake ji. Duk da haka abin da ta kawo na buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da cusa 'yan Arewa cikin aikin gwamnati ba ƙarya ba ne.

Abin da ya rushe mini lissafi shi ne maganar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi. Jigo ne a jam'iyyar, amma gwamnatinta ce ta sa wani jami'inta Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, wato hukumar mulkin masarautar, a 1963 Sarki ya yi murabus ya koma Azare. To idan jam'iyyar ta sarakuna ce, wa ke riƙe da linzamin wa? A ganina 'yan NPC masu ra'ayin riƙau ne da gaske: sun kare sarauta da kotunan alƙalai, ba su bar matan Arewa sun yi zaɓe ba, rikicin ƙasar Tibi na 1960 da 1964 kuma da ƙarfi aka murƙushe shi. Amma a hannunsu ne iko ya sulale daga fada ya koma Kaduna.

Babi na uku sau uku na sake shi. Da na kai wa dattijon Sawaba kwafinsa, ya sa jikarsa ta karanta masa, ya ce na yi wa 'yan Salama sassauci. Na Salama kuwa har yau bai karɓi nasa ba.